Riƙe, Baba

Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, hannunsa na dama ya zama kamar na aro. Mutumin da ya yi shekara talatin yana gyaran agogo, cokali ma ya gagare shi. A asibiti aka ce in yatsun ba su motsa cikin wata biyu ba, sai dai haƙuri.

Likitar da ke motsa masa hannun ba ta jin Hausa, Baba ba ya jin Turanci, sai na zama tafinta. Takan ɗora masa ƙwallon roba a tafin hannu ta ce, "Hold." Ni kuwa sai in rusuna in ce, "Baba, wai in ba damuwa ko za ka ɗan taɓa, in kuma ka gaji a bari." Wace ni in ba mahaifina umarni? Shi kuma tunda an ba shi zaɓi, kullum gajiyar yake zaɓa.

Mako uku muna haka. Rannan likitar ta juyo kaina.

"Kalma ɗaya nake faɗa, ke kina karanta masa wasiƙa. Me kike ce masa?"

Na gaya mata. Ta damƙi hannuna har na ji zafi. "Wannan shi ne hold. A kama, kada a saki, ko kofi ne, ko ƙofa, ko hannun mutum. Yaya kuke cewa?"

"Riƙe."

"To faɗa masa haka, kada ki ƙara komai."

Na sunkuyar da kai na ce, "Riƙe, Baba."

Ya zuba mini harara. "Ni kike wa magana haka?"

"Riƙe, Baba."

Ko haushina ne ya ba shi ƙarfi, oho. Yatsun dai suka lanƙwashe, ƙwallon ya yi daƙiƙa uku kafin ya faɗi. Shi da kansa ya ƙirga a agogon bango. Na yi kuka, kuma har gobe ina yi wa matar nan addu'a, don da ta bar ni da ladabina da hannun ya tafi.

Ranar da za a sallame mu, Baba ya sa na gaya mata agogon hannunta yana lattin minti huɗu, ya daɗe yana ba shi haushi. Ta cire ta miƙa masa. Ya zaro ɗan sukundirebansa daga aljihu, da hannun nan na dama ya kwance murfin ya ɗora mini a tafin hannu.

"Hold," in ji shi.