Layin Marigayi

Tana cikin shafa wa wata jaka mai, sai ga mace ta faɗo shagon ko gaisuwa babu, ta dire wayarta a kan teburin yanka fata.

"Anti, haka za mu yi da ke? Na biya kuɗin takalmin ɗana tun makon jiya, shiru kike ji. Na yi magana a shafinku, sai aka toshe ni."

Mai shagon ta goge hannu a jikin zanenta, ta ɗauki wayar. Ta san matar sarai, malamar makaranta ce da ke sayayya a wurinsu tun maigidan yana da rai. Sunan shagon ne a shafin, hoton ma na ƙofarsu ne, amma asusun bankin da aka tura wa malamar ba nata ba ne.

"Malama, wallahi ba ni na rubuta wannan ba. Kwana biyu shafin ya ƙi buɗe mini, na ɗauka sabis ne ke wasa da ni."

Malamar ta dube ta. Ta ja kujera ta zauna. "Ba ni kaɗai ba ce fa, Anti. Mu uku ne a makarantarmu."

Mai shagon ta kira Auta, 'yarta da ke aiki a wani kantin magani. Kafin rana ta take Auta ta iso, ta yi ta danne-danne a waya, can ta ɗago.

"Mama, lambar da ake turo saƙon shiga shafin, ta wa ce?"

"Ta babanki mana."

"Ba ki canja ba? Na ce miki ki canja!"

"Kin ce."

Ba mantawa ta yi ba. Shi ya buɗe shafin da hannunsa, shi ke ɗaukar bidiyo yana ɗinki yana zolayar masu kallo, yana cewa takalminsa sai dai ƙafa ta tsufa ta bar shi. Wayarsa ta ɓata a hatsarin da ya yi ajalinsa, don haka ba inda muryarsa ta rage sai a shafin nan. Sau da dama ta buɗe wurin canja lamba, ta ga sai ta goge tasa kafin ta sa tata, sai ta rufe ta koma bakin aiki.

Suka hau bas zuwa ofishin kamfanin waya. Suka karɓi lamba, suka zauna a kujerun roba ƙarƙashin fankar da ke kaɗa iska mai zafi. Da layi ya zo kansu, ma'aikaciyar ta duba kwamfuta, ta yi magana a hankali.

"Mama, layin da ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani yana karɓewa ya sayar wa wani. Wannan an sayar da shi."

"An sayar? Ai layin mijina ne."

"A da nasa ne. Ki yi haƙuri, Allah ya jiƙansa."

"To wa ya saya?"

"Ba a ba mu damar faɗa."

A bas ɗin dawowa Auta ta yi mata bayani dalla-dalla. Wanda ya samu layin ya ce ya manta kalmar sirri, aka turo masa saƙo, ya shige kamar mai gida. Ya ɓoye tsofaffin bidiyo, ya bar hotunan kaya kawai yana tara masu saye.

"Ɓoyewa ya yi ko gogewa?"

"Ban sani ba, Mama. Wataƙila suna ciki. In muka rubuta wa masu manhajar muka nuna shafin namu ne, za su iya dawo mana da shi. Amma abin yana ɗaukar makonni, wani lokacin ma ko amsa ba sa bayarwa."

"In ba haka ba fa?"

Auta ta juya ta dubi taga. "In mutane da yawa suka kai ƙara cewa shafin damfara ne, za a rufe shi da wuri. Da duk abin da ke ciki."

Sun tarar da wani dattijo tsaye a ƙofar shagon, yana riƙe da takardar da ya zana sawun ƙafar matarsa. Ya ce an gaya masa a shafi ya biya tukuna, sannan ya zo ya karɓa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce shi don marigayi ya yarda, domin mutumin bai taɓa cin kwabonsa ba.

Mai shagon ta ba shi haƙuri, ta karɓi takardar, ta ce ya dawo jibi. Da ya tafi ta zauna a bencin aiki tsakanin ƙwaryar zare da tulin fata.

"Mu jira ko mako ɗaya ne, Mama," in ji Auta. "Ni ma ina so in sake jin sa."

"Na sani, 'yata. Amma a cikin makon nan mutum nawa za su biya saboda sunansa?"

Ta miƙa hannu. Auta ta buɗe mata rukunin masu cinikinsu a waya, ta nuna mata inda za ta danna ta yi magana.

"Jama'a, matar mai takalmi ce. Shafinmu ya fita daga hannunmu. Don Allah kowa ya shiga ya kai ƙara, a rufe…"

Muryar ta sarƙe. Ta saki yatsa, ta share ido da bakin mayafi.

"Goge wannan, Auta. Ba za su ji abin da na ce ba. Kawo in sake."