Muryar Baban Yara

Kafin Baban yara ya kwanta ciwon ajali, masaƙar da yake wa aiki ta zaunar da shi gaban na'ura ya yi ta magana, wai a adana abin da ya sani game da injinan saƙa. Ranar ya dawo gida yana dariya, ya ce, "Yau na cika kwamfuta da surutu har ta gaji."

Bayan rasuwarsa, autarmu ta ce ta fara manta muryar babanta. Na ɗauki mayafi na tafi masaƙar roƙon a sa mana ita a waya.

Manaja ya ba ni kujera mai juyi, ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce, "Mama, sai haƙuri. An goge."

Na ce, "Wa ya goge?"

"Ba mutum ba ne. Kowane sashe yana da wakili a cikin kwamfuta, su ke jefa ƙuri'a kan abin da za a ajiye. Abin da aka daɗe ba a buɗe ba, sai su ce ba shi da amfani. Mu hannu kawai muke sawa."

Na ce, "Ɗan nan, hannun naka babu ido a samansa? Kira mini wakilan, ina son ganin fuskar wanda ya fara cewa a goge."



Dogo, abokin aikin marigayin, yana tsaye bakin ƙofa da zare a gashinsa. Na juya kansa. "Ku kuma me ya hana ku buɗewa?"

Ya ce, "Matar Yaya, sau ɗaya muka gwada. Da muka ji tarin nan nasa, kowa ya fice daga ɗakin. Sai muka ce a bar shi tukuna, har zuciya ta yi sanyi."

Wato kewarsa ce ta sa suka ƙi taɓawa, injin kuma ya ƙirga ta a matsayin rashin amfani.

Manaja ya ce wakilan sun bar taƙaitaccen bayani, zai buga mini. Na ce ya riƙe abinsa, takarda ba ta tari.

Na sa Dogo a gaba har gida. Ya zauna a kujerar Baban yara, ya gyara murya ya fara kwaikwaya wa auta maganar babanta. Tana ji ta girgiza kai.

Ta ce, "Ba haka yake cewa ba, Kawu."