Wuyan Mimun

Shekara arba'in ina tausa a gidan wanka na unguwarmu a Wujda, kuma rabin 'yan wasan ragbin garin nan sun kwanta a kan daɓena. Don haka da Mimun ya shigo da hantsi, lokacin da babu kowa, sai na ce a raina akwai magana. Mutumin da ke sahun gaba a kulob ɗin Faransa, wanda ya sa rigar ƙasa sau goma sha tara, ba ya zuwa wanka a ɓoye.

"Baba Lahdar, har yanzu ba ka mutu ba?"

"Ina jira in binne ka, ɗan banza. Kwanta."

Ya ce an kira shi wasan ƙasa ranar Asabar, kulob kuma sun sake shi da murna. Nan zargina ya ƙaru. Faransawa ba sa sakin ƙato irinsa ana tsakiyar kakar wasa sai da ƙorafi da wasiƙu.

"Ka murza ko'ina, ban da wuya," in ji shi. "Na kwana a kansa ne a jirgi."

Na bar shi ya zauna, na zagaya bayansa na saki bokiti a ƙasa. Idan aka ji ƙara a baya, kowa wuya yake juyawa. Shi kuwa ya juyo da jikinsa gaba ɗaya kamar firiji.

"Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Yaro, ni na gyara maka kafaɗa tun ba ka da gemu."

Nan ya faɗa mini gaskiya. Wata biyu ke nan likitan kulob ya hana shi wasa saboda wuyan, sun kuma ce ba za su sabunta masa kwantiragi ba. Idan ya buga Asabar aka gan shi, wani kulob zai ɗauke shi. Si Buziyan, mai horar da 'yan wasan ƙasa, bai sani ba.

Na san aikinsa. Mutum takwas su tura takwas, nauyin duka a wuyan na gaba yake sauka. Na taɓa ganin wanda aka fitar daga fili kwance a kan ƙyauren ƙofa.

Na miƙa masa hannu. "Matse da hagunka. Idan na yi ƙara, ban ga komai ba."

Ya yi dariya, ya kama. Ya matsa har jijiyar goshinsa ta tashi. Shekarata saba'in da ɗaya, amma abin da na ji bai fi gaisuwar liman ba.

Ya saki, ya zuba wa yatsunsa ido.

"Kana da lambar Si Buziyan?" in ji shi.

"Ina da ita."

"To bari in sa kaya tukuna kafin ka kira shi, Baba. Ba zan bar ragbi ina ɗaure da ɗan tawul ba."