Injin Shuka Mai Haƙori Ɗaya

Tun da aka kai Sauda ɗakin Malam Rabe a Birchi, ba a taɓa shuka a gonarsa babu ita ba. Shi yana gaba da sungumi yana sara, ita tana biye da ƙwaryar iri, ta jefa, ta rufe da diddige. To, tsufa ba ya sallama. A daminar bara gwiwarta ta ƙi, ramuka suka riƙa bushewa kafin ta iso su. Ta zauna gindin tsamiya ta yi kuka. Rabe ya gani sarai, sai ya duƙufa kan ƙotar sungumi wai gyara yake yi.

Da bazara ta kama, ya hau jaki sai Dutsin-Ma, inda malamin gona Lawal yake nuna wa masu garmar shanu injin shuka. Kala biyu ne. Ɗaya mai haƙora uku da akwati a kai, shi ke tsaga ƙasa, ya zuba iri, ya rufe, ba ruwansa da kowa. Ɗayan haƙorinsa ɗaya tal, da mazurari a sama, dole sai wani ya bi gefensa yana jefa iri da hannu.

Lawal ya ce, "Baba, ɗauki mai ukun nan. Kai da bijimanka kaɗai kun isa."

Rabe bai ko kalle shi ba. Ya kama mai mazurarin ya girgiza, ya sakar masa nauyinsa duka.

"Wanga, in mutum ya dafa shi yana tafiya, zai ɗauke shi?"

"Baba, injin shuka kake nema ko sanda?"

Aka yi ta dariya. Rabe dai nasa ya zaɓa.

Sauda kuwa da ta ji an kawo ƙarfe mai shuka, ranta ya ɓaci ƙwarai. Ko leƙa shi ba ta yi ba. Tuwo ma sai ta dire masa ta juya.

Da ruwan shuka ya sauka, ya ɗaura wa bijimai injin, ya tsaya a ƙofa ya kira ta.

Ta ce, "Mi zan yi maka, Malam? Ai ka samo wanda ya fi ni ƙafa."

"Ƙafa gare shi, ba shi da hannu. Taho."

Ta bi shi tana ƙunƙuni. A bakin gona ya ɗora hannunta na hagu a kan ƙarfen, ya rataya mata jakar irin gero a dama, daidai bakin mazurari. Bijimai suka ja. Babu duƙawa, babu taka rami. Sai ga ta a ƙarshen kunya, tare da shi.

Ta tsaya tana haki, farin ciki ya cika ta. Can ta goge ido da gefen zane.

"Malam, ashe haka fuskarka take in kana shuka? Ni ƙeyarka kawai na sani."