Man Shafawar Maman Auta

Mai Lagireto ya san zafi. Mota ta tsaya a bakin garejinsa tana huci, kafin direba ya buɗe baki ya riga ya gano inda ruwa ke yoyo. Amma zafin da ya shigo gidansa ya fi ƙarfin sufanarsa.

Matarsa, Maman Auta, tana zaune lafiya lau sai wuta ta taso mata daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya jiƙa rigarta sharkaf. Barci ya ƙaurace mata. Cokali ya faɗi, faɗa. Shi ya yi tari, faɗa. In ta gama sai ta shige banɗaki ta saki famfo don kada a ji kukanta. Al'ada ta ɗauke mata tun bara, amma duk wanda ya ce mata shekaru ne, ya tsokano tsuliyar dodo.

Ran nan ya dawo ya tarar da akwati a kan gado.

"Gidan Yaya zan koma," ta ce ba ta dube shi ba. "Na gaji da ganinka kana sanɗa a gidanka saboda ni."

"Haba Maman Auta. Ki bari yarinyar nan ta zo ta tafi tukuna."

Autarsu na da cikin fari, ta ce za ta zo ta kwana biyu. Don ita kaɗai aka tura akwatin ƙarƙashin gado, ba a kwance shi ba.

Washegari ya tsaya gaban mai kemis, wata dattijuwa mai tabarau, yana murza hula.

"Hajiya, injin gida ne ke ɗaukar zafi."

"Injin naka shekarunta nawa?" ta tambaya tana dariya. Da ya faɗa, ta miƙo wani ɗan bututu. "Furojestaron ne, sinadarin jikin mata, wanda ake ce wa na halitta. Kaɗan ake shafawa. Wata ta ce ta ji sauƙi, wata ko gezau. Amma ka kai ta wurin likita tukuna, ba kowace mace ya dace da ita ba."

Ya gyaɗa kai irin gyaɗawar direban da aka ce wa ya canza tiyo.

Shi a gareji ba ya gardama da mai mota. In ka faɗa wa mutum ciwon motarsa sai ya musa. Gyara ka miƙa masa makulli kawai. Tana wanka ya matse bututun kaf cikin kwalbar man shafawarta, ya juya da bakin cokali, ya jefa fankon a akwatin kayan aikinsa.

Daga nan ya koma kallon fuskarta kamar allurar auna zafin mota. Wata safiya ta yi dariya, ransa ya yi fari. Kafin la'asar ta jiƙe ta bushe, ta fasa kofi, ta ce fanka ma gaba take da ita. Ya rasa tudun dafawa.

Auta ta zo. Da safe ya shiga ɗakin neman makullin gareji, sai ga ta zaune a bakin gadon uwarta, kwalbar a cinyarta, ta ɗage riga tana mulke ciki.

"Baba, cikin nan ƙaiƙayi kamar me. Man Mama ne kawai ke..."

Bai san sa'ad da ya kaɓe kwalbar ba. Ta daki bango ta tarwatse.

"Tun yaushe kike shafawa?"

"Tun da na zo. Baba, lafiya?"

Maman Auta na bakin ƙofa da tsintsiya a hannu. Ba hanyar gudu. Ya faɗa musu komai.

"Zai taɓa ɗan?" Auta ta riƙe cikinta da hannu biyu.

"Ban sani ba," ya ce. "Wallahi ban sani ba."

Ya jira ihu, bai zo ba. Matarsa ta jingine tsintsiyar a hankali.

"Wato ni mota ce. An zuba mini mai ina fake."

"Tsoro na ji kada ki tafi."

"Ka tambaye ni? Sau ɗaya ka ce, Maman Auta, me kike ji?" Gumi ya keto mata a goshi, ba ta share ba. "Ɗauko fankon, likita zai so ya gani. Auta, yafa mayafi."

Ya ruga ya kira tasi, ya dawo da fankon duk baƙin mai. Ya tarar da akwatin a tsakar ɗaki.

"Wannan fa?"

"Sa a but. In an duba Auta, ni ma zan shiga in yi bayani da bakina. Daga can ka sauke ni gidan Yaya."

Direban tasi na ta danna hon. Mai Lagireto ya sunkuya ya ɗauki akwatin.