Koren jirgin Dokta Prescott

Da farar safar hannu Dokta Prescott ya zo mana, ranar da ya shiga ƙungiyarmu ta masu ƙera ƙananan jiragen ƙasa na tururi. Tsohon likitan haƙori ne. Ya sauke wani koren kan jirgi daga motarsa, sai sheƙi yake, ya ce wai da hannunsa ya ƙera shi cikin wata takwas. Ni da na shekara goma sha ɗaya a gareji kafin nawa ya motsa, tsaki kawai na yi.

Muka ɗora masa shi a kan ɗan layin dogon da ke filinmu. Ya ɗura kwal har wutar ta shaƙe, hayaƙi ya turnuƙe filin, amma tururi ko na butar shayi babu.

Verna Lindqvist, wadda ta fi kowa daɗewa a cikinmu, ta zo ta duba tukunyar ruwan jirgin.

"Dokta, ina ruwan? Ko naka da addu'a yake tafiya?"

"Ai a gida ba ya yi min haka," in ji shi.

"Ƙwarai kuwa. A gida ai a kan tebur yake zaune."

Ta kwashe kwal ɗin, ta zuba ruwa, ta sake hura wuta. Cikin rabin awa ta hau jirgin ta zagaya filin sau uku. Da ta sauka ta ce masa, "In ka ga wanda ya ƙera shi, ka gaishe min da shi. Ya iya aiki."

Har yau Dokta yana zuwa duk Asabar, ya goge shi da tsumma, ya ɗauki hoto, ya mayar da shi mota.