Farantin Da Ba Ya Lalacewa

"Ya zo?" in ji mutumin da ke tsugune a bakin rufin kwano, sifana a hannu ɗaya, ɗayan yana juya farantin dish a hankali kamar mai lallashin jaki.

"Bai zo ba!" 'yan matan gidan biyu suka amsa daga ɗakin kakansu.

"Yanzu fa?"

"Ya zo! A'a, ya gudu! Koma baya kaɗan!"

Manaja na tsaye a tsakar gida, ya kare rana da tafin hannu, yana jin daɗin kansa. Ba manaja ba ne a gaskiya. Shi ke kula da tanderu da lodin motoci a wani gidan burodi, direbobi suka laƙaba masa sunan har ya bi shi gida. Yana fita bayan sallar asuba, ya dawo da gari a gira, ƙafafunsa na zogi. Matarsa, wadda kowa ke ce wa Malama, tana koyarwa da safe, ta yi lesin da yamma. Yaran kuwa in ba su makaranta, to kansu na cikin waya.

Shekara biyu ke nan da rasuwar Inna, mahaifiyarsa. Tun lokacin aka ɗauke talabijin daga falo aka kai ɗakin Baba, aka ja masa kebul daga shagon wani mutum a bakin titi, don ya rage masa kaɗaici. Sai dai kuɗin wata kullum gaba yake yi, ga shi wayar ba ta da aiki sai lalacewa. Sau uku, sau huɗu a wata hoton zai koma yayyafi, Baba ya danna 'yar wayarsa ya kira Mai Kebul, Malama ta dawo ta tarar da labarin an zo gyara. Da wani abokin aiki ya ce masa, "Ka sa dish mana, sau ɗaya za ka biya ka huta, tashoshi sun fi ɗari biyu," Manaja bai kwana biyu yana tunani ba.

Ya leƙa ta taga. Baba na zaune a kujerarsa mai hannu, ƙarƙashin tsohon hoton babbar motar da ya shekara talatin yana tuƙawa. Jikokinsa sun zauna masa hagu da dama suna ihu, Malama na bakin ƙofa tana dariya. Tsohon ba allon yake kallo ba, su yake kallo, bakinsa a buɗe da murmushi.

"Ka ga Baba har ya fi kowa murna," in ji Manaja a ransa.

Ana cikin haka sai ga ƙarar babur. Mai Kebul ne, wani siriri mai furfura a gemu, da tsani ɗaure a gefen babur ɗinsa. An aika masa ya zo ya kwashe wayarsa. Ya yi sallama, ya hau, ya cire, ya shiga naɗe ta a gwiwar hannu.

"Ka naɗe ta da kyau, Malam," Manaja ya ce. "Ka kai wa wani gidan. Mu dai mun gaji. Waya ɗaya, sau huɗu a wata? Ko ɓera ne ya ɗauki kwangilarta ai ya huta ranar Juma'a."

"Manaja, ai ita waya..."

"Bar shi kawai. Kai ke kwancewa, kai ke ɗaurewa. An ga tsoho shi kaɗai a gida, an samu saniyar tatsa."

Mai Kebul ya dakata da naɗin. Ya dubi tagar Baba. "Allah ya ba da haƙuri," ya ce. A bakin ƙofa ya ɗaga murya, "Baba Direba, na wuce!" Ihun yaran ya danne amsar, in ma an amsa.

* * *

Farantin ya cika alkawari. Ruwa ya zo, iska ta zo, hoto na nan tar kamar madubi. Kwana uku 'yan matan suka yi suna shiga ɗakin kakansu suna danne-dannen rimot, da suka ƙare zagaye tashoshin suka koma wayoyinsu. Manaja kan tsaya a bakin ƙofa da dare bai yi nisa ba, takalmi a ƙafa.

"Baba, an wuni lafiya? Yaya kallon?"

"Lafiya lau, Manaja. Allah ya yi albarka."

"To, a huta lafiya."

Malama ce ta fara lura. Wata Asabar tana wanke kwanuka ta ce, "Baban yara, ka ga kwanon Baba kuwa? Yadda na kai haka nake ɗaukowa. Shayin ma da ba ya wasa da shi, fulas ɗin a cike nake samu. Da can har ƙorafi nake wai sukari ba ya kwana."

"Tsufa ne. Zan sayo masa maganin ƙarin jini."

Ya sayo. Kwalbar ta zauna a kan talabijin. Baba ya daina aski, ya daina sa hula, rigar da ya kwana da ita da ita yake wuni. Magana ta koma "to" da "madalla". Mutumin da a da, in ya fara ba da labarin yadda birki ya tsinke masa a gangare da buhu ɗari shida a baya, sai abinci ya huce a gaban mutane. Manaja ya ga duk wannan, amma irin ganin da mai sauri ke yi wa rami a hanya: ya kauce, ya ce gobe zai duba.

* * *

Ranar wata Talata motar fulawa ba ta iso ba, aka kashe tanderu tun hantsi. Manaja ya hau acaɓa ya dawo gida a lokacin da bai taɓa dawowa ba. Ya tura ƙofa, sai ya ji ƙarfe na ƙara, ƙwas, ƙwas.

Baba ne a kan benci a tsakar gida. Ya ɗaura sandarsa a kan doguwar tsintsiyar share yanar gizo da tsumma, ya ɗaga ta sama da hannu biyu, yana zungurar gefen farantin. Ƙafafunsa sirara suna rawa, bencin na rawa tare da su.

"Baba!"

Tsohon ya waiwayo a firgice, bencin ya goce. Manaja bai san lokacin da ya tsallake tsakar gidan ba, sai jin mahaifinsa ya yi a ƙirjinsa. Abin da ya fi ba shi tsoro ba faɗuwar ba ce, rashin nauyin ne. Shi da ke ɗaga buhun fulawa kullum, ya ji kamar buhun da aka zazzage ya rungumo.

Ya kai shi ɗaki ya zaunar a kujera. Allon talabijin ya koma shuɗi, wani ɗan rubutu na yawo a kai.

"Baba, don girman Allah me ya kai ka? In ka karye fa? Me zan ce wa 'yan'uwana?"

"Yana ce ta taru a jiki," in ji Baba, yana kallon ƙasa.

"Yana? A kan rufi?"

Can tsohon ya nuna allon da haɓa, muryarsa ƙasa-ƙasa kamar yaron da ke roƙon abin da ya san za a hana shi.

"Ka ga ya lalace. Sai a kira mai gyara ko?"

Manaja ya tsaya yana kallonsa. Baba ya murza tafin hannunsa a gwiwa, ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Wancan na da, wani ɗan zobe ne a bayan akwatin. Murɗawa biyu ka yi masa, shi ke nan. Wannan kuwa kun kai shi inda ba na kaiwa."

Manaja ya zauna a bakin gado. Sai a lokacin ya lura rabonsa da zama a ɗakin nan tun kwanakin zaman makoki. Katifar ma ba ta san shi ba.

"Kai ne kake kwance ta, Baba?"

"Yakan zauna," in ji tsohon. "Ya sha shayi. Ubansa ma direba ne, ka sani? Ya san hanyoyin da nake faɗa. In na ce masa gadar nan mai ƙarfe, ba sai na yi bayani ba." Ya ɗago ido. "Ban ce kun rage ni da komai ba, Manaja. Ci, sha, sutura, Allah ya yi muku albarka. Amma mutanen cikin akwatin nan, su ɗari biyu, duk surutunsu babu mai jiran amsata."

* * *

Shagon Mai Kebul ɗan ƙarami ne, wayoyi sun sauko daga silin kamar saiwar gamji, ƙananan alluna shida na nuna tashoshi daban-daban babu murya. Yana zaune yana fere bakin waya da reza. Da ya ga mai shigowa sai ya ajiye.

"Manaja? Lafiya dai? Jikin Baba ne?"

"Lafiyarsa ƙalau. Ni ne ba lafiya ba." Manaja ya cire hula ya riƙe. "Malam, na zo ne ka yafe mini. Na ci mutuncinka a gaban iyalina, ashe kai ka rufa mana asiri."

Mai Kebul ya jawo masa kujerar roba. "Ya faɗa maka ke nan."

"Me ya sa ba ka gaya mini ba ranar?"

"In tona tsoho a gaban jikokinsa? Gara ka ce mini ɓarawo." Ya yi murmushi. "Tun zuwa na biyu na gane. Zobe ba ya kwance kansa. In na shiga, kofi biyu nake tarar an riga an jera. Kuɗin man babur ma da Malama ke bari, sau da yawa a ƙarƙashin fulas nake mayar masa, shi kuma ya sayo sukari da shi. To ka ga wa ya ci wa?"

Manaja ya yi dariya, idonsa na yaji.

"Kuma kada ka ɗauka gidanku kaɗai ne," Mai Kebul ya ci gaba. "Sana'ar nan ta shigar da ni ɗakuna da yawa. Akwai wata tsohuwa a bayan makaranta, 'ya'yanta bakwai, kowanne da mota. Ita batirin rimot take juyawa. Akwai wani tsohon ma'aikacin asibiti, shi kullum cewa yake tashar labarai ta ɓace, alhali tana nan a lamba ɗaya. 'Ya'yan kirki ne duka, wallahi, ba sa bari wata ya mutu ba su biya ba. Sun dai ba akwati aikin da ba nasa ba."

"To in mayar da kebul ɗin?"

"A'a. Riƙe farantinka, ya fi maka sauƙi, ni ma zan zo in saita maka shi. Gaisuwa kuwa ba sai da waya ba, zan riƙa leƙawa. Amma ni baƙo ne, Manaja. Minti ashirin ne nawa."

* * *

Da yamma Manaja ya faɗa wa Malama komai. Ta tashi ta ɗauki tabarmar cin abinci daga falo ta nufi ɗakin Baba da ita. "Ku taso," ta ce wa 'yan matan. "Kuma duk wadda ta shigo mini da waya, a ruwan wanke-wanke za ta same ta."

Cin abincin farko ya zo da nauyi, kowa na jin ƙarar cokalinsa. Sai ƙaramar ta nuna hoton bango ta ce, "Kaka, wai da gaske kai ka tuƙa wannan ƙatuwar? Kai da ko benci ya fi ƙarfinka?"

"Ke, matar nan tawa ba ki da kunya!" in ji Baba. "Wannan motar, in na taka ta..." Abinci ya huce a gabansu.

Sauran dabarar a wurin aiki ta zo wa Manaja. Motar da ke raba burodi a unguwarsu takan dawo fanko ta bakin layinsu wajen ƙarfe tara. Ya yi wa direban magana ya riƙa ɗauko Baba, ya yi wa mai gidan burodin magana. Mai gidan ya ce, "In dai ba zai hau benci ba, ya zo."

Aka ajiye wa Baba kujera a inuwar rumfar lodi, inda direbobi ke jiran layi. Ranar farko ya zauna a takure, hannuwa a cinya, kamar baƙo a gidan suruki. Kafin azahar wata mota ta shigo tana tari, ya karkata kunne, ya ce wa direban, "Ɗana, bel ɗinka ya saki, ka duba kafin ya ajiye ka a daji." Aka buɗe, aka tarar haka ne. Daga bakin tanderu Manaja ya riƙa jiyo muryar da ya manta ƙarfinta, da dariyar direbobi na katse ta. Ya ga an miƙa wa tsohon burodi mai zafi, ya ga ya cinye rabi bai ma sani ba.

Da la'asar motar ta tashi mayar da shi. Manaja ya riƙe masa hannu ya taka matakalar, ya miƙa masa sandarsa, ya rufe ƙofa. Har direba ya tayar, Baba ya sauke gilashi ya leƙo. Akwai ɗan gari fari a kafaɗar rigarsa. Ya rage murya don kada direban ya ji.

"Manaja... gobe ma za a zo da ni?"

"Gobe ma, Baba. Ƙarfe tara."

Tsohon ya gyaɗa kai. "To ka ce wa Malama a goge mini farar hular nan," ya ce, ya ɗaga gilashin a hankali.